ZAUREN 'YAN MATA: An Kayar Da Ni A Kotu, An Kuma Ce In Biya Kuɗin Ɗawainiya

   

A wannan fitowa na jingine maganar kwalliya da na yi muku alkawari, saboda wata wasiƙa da ta iso mini daga wata ƙanwarmu, wadda tun da na karanta ta na kasa samun sukuni. Ta roƙe ni in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Ga abin da take cewa:

"Anti, ni yarinya ce 'yar shekara 21, a ƙaramar hukumar Kumbotso nake, na gama sakandare ina ɗinki a gida. Shekararmu uku da wani saurayi mutumin wajen Kura, manomi ne, da damina ya yi shinkafa, da rani ya yi tumatur da alkama. Manyansa sun zo sun gaisa da Babanmu, an kawo kuɗin gaisuwa da 'yan kaya, sa rana kawai ya rage.

"A shekara ta biyu sai ya ce mini ya samu ƙarin eka ɗaya ta haya a bakin ruwa, amma ba shi da kuɗin taki da iri. Anti, na ɗauki adashena, na sayar da tumakina biyu da Inna ta ba ni tun ina firamare, na haɗa N250,000 na ba shi a zaurenmu bayan isha'i, daga ni sai shi. Muka yi da shi in Allah ya ba da riba za a sayi fili a gina mana ɗaki. Allah ya taimaka tumatur ya yi kuɗi a shekarar, ya sayi rabin fuloti. Har ɗaukata ya yi ni da ƙanwata ya kai mu muka gani, yana nuna mini inda za a yi kicin. Takardar da sunansa aka yi ta, ni kuwa ban kawo komai a raina ba.

"Daga nan sai jan ƙafa. Yau a ce bari a girbe shinkafa, gobe a ce bari a kwashe alkama. Can muka ji wai 'yar kawunsa yake nema a Bunkure. Baba ya gaji ya ba su wata uku su fito, shiru, sai ya aika musu cewa ya janye. Ba a yi sati biyu ba sai ga sammaci. Ashe duk abin da yake kawo mini rubutawa yake yi a littafi, waya, atamfa, turare, kuɗin zance, har tsire da lemo. Ya ce N380,000 yake bin mu. Da na kawo maganar kuɗina sai alƙali ya ce ina shaiduna, na ce babu. Shi kuma ya ce sam ban ba shi ko sisi ba, aka ba shi rantsuwa ya rantse ina kallonsa.

"Sau tara muna zuwa kotu. A ƙarshe aka ce mu mayar da waya da akwati da kayan ciki da N160,000, fili nasa ne, sannan mu biya shi N70,000 kuɗin ɗawainiyar shari'a. Anti, fili na bar shi da Allah. Amma wannan N70,000 ita ta tsaya mini a maƙoshi. A ci kuɗina, a kai ni kotu, kuma in biya kuɗin kai ni kotun? Wani maƙwabcinmu ya ce mu ɗaukaka ƙara a kanta. Yau kwana 12 da yanke hukunci. Don Allah ki ba ni shawara."

To ƙanwata, sannu. Allah ya musanya miki da mafi alheri. Saboda kwanaki suna tafiya, na riga na aika miki da amsa a taƙaice ta hannun wadda ta kawo wasiƙar. Na buga ta a nan ne don 'yan uwanki, domin ba ke kaɗai ba ce. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya ratsa ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya zama sana'ar da saurayi zai shiga da ɗan jari ya fito da na aure. Duk wadda ta taɓa bi ta Kwanar Gafan lokacin tumatur ta ga yadda kuɗi ke yawo. To amma jarin nan daga ina yake fitowa? Sau da yawa daga adashen budurwa ne, ko kuɗin ɗinkinta, ko na turara shinkafa da take taya uwarta. Ana bayarwa a zaure cikin duhu, so ya hana a nemi shaida.

ME YA SA AKA CE KU MAYAR DA KAYA?

Kada ki ɗauka alƙali ya ƙi ki ne. Kotunanmu na Musulunci da mazhabar Malikiyya suke aiki, kuma ra'ayin da malamanta na baya suka fi rinjayarwa shi ne, in saurayi ne ya fasa ba shi da ikon karɓar abin da ya bayar, in kuwa daga ɓangaren yarinya aka fasa to yana da ikon neman kayansa, sai dai in akwai sharaɗi da aka yi ko al'adar gari ta nuna wani abu daban. Kin ga a zahiri Baba ne ya furta janyewa. Abin da ya kamata a kafa a gaban alƙali shi ne, wa ya jawo janyewar? Wanda aka ba wata uku ya yi shiru yana neman wata, ai shi ya fasa, bakinsa ne kawai bai faɗa ba. Amma wannan magana sai da shaidu, wato dattawan da aka aika da waɗanda suka karɓi saƙon.

Batun kuɗinki kuwa, ƙa'ida ce sananniya cewa wanda ya yi da'awa shi zai kawo shaida, in ya rasa sai a ba wanda ya musa rantsuwa. A sha'anin dukiya ana karɓar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, a Malikiyya ma har shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Ke ko ɗaya ba ki da shi. Alƙali da abin da ke gabansa yake hukunci, bai san abin da ya faru a zaurenku ba. Wanda ya rantse a kan ƙarya kuma, akwai ranar da ke jiransa.

MENE NE KUƊIN ƊAWAINIYA?

Shi ne abin da kotu kan ɗora wa wanda aka kayar don ya rage wa wanda ya yi nasara asarar da ya yi wajen bin shari'a, kamar kuɗin shigar da ƙara, na sammaci da na motar shaidu. Manyan kotunan ƙasar nan sun sha nanata cewa ba horo ba ne, kuma ba hanyar cin riba ba ce ga wanda ya yi nasara. A littafin Tuhfa na Ibn Asim, malamin Andalus da ya rasu a 1426, wanda alƙalanmu ke yawan komawa gare shi, an nuna cewa ladan ɗan aiken kotu yana kan mai ƙara ne, sai fa in wanda ake ƙara ya yi taurin kai sannan ya dawo kansa. Ki riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

MATAKALAR ƊAUKAKA ƘARA

Tun shekarar 2000 da Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kotunan yanki na da suka koma kotunan shari'a. In ba ki gamsu da hukuncin ƙaramar kotu ba, sai Babbar Kotun Shari'a. Daga nan hanya ta rabu biyu. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ikon duba abin da ya shafi aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, waƙafi da kyauta. Rigimar mallakar fili ko bashi kuwa, Babbar Kotun Jiha ake kai ta. Gaba da su akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sannan Kotun Ƙoli a Abuja. Mutane da yawa sun ɓata shekaru a ƙofar da ba tasu ba, a ƙarshe a ce musu kotun ba ta da hurumi, su koma su faro daga farko. Shari'arki ta haɗa kyauta da fili wuri ɗaya, don haka ba aikin da maƙwabci zai yi miki jagora ba ne.

Abu biyu za ki sani. Na ɗaya, a ƙa'ida kwana 30 ake bayarwa daga ranar hukunci. In suka wuce sai kin roƙi kotu ta ƙara miki lokaci, kin kuma kawo dalili mai ƙarfi. Na biyu, ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta tsayar da biyan kuɗi. Sai an nemi kotu daban ta dakatar da zartar da hukunci, in ba haka ba kina can kina zirga-zirga za a zo ɗaukar keken ɗinkinki.

TO A ƊAUKAKA A KAN N70,000 KAWAI?

Ƙanwata, gaskiya ɗaci gare ta amma zan faɗa miki. Ɗaukaka ƙara a kan kuɗin ɗawainiya kaɗai tana daga cikin shari'o'i mafiya wuyar ci. Dalili kuwa, doka ta bar wannan ga hangen alƙalin da ya zauna da ku, ya ga wanda ke zuwa a kan lokaci da wanda ke ɓata wa kotu rana. Alƙalin sama ba ya taɓa shi don kawai shi da zai yanke ƙasa da haka. Sai an nuna masa cewa an kauce wa ƙa'ida, ko kuɗin ya wuce hankali. Don ki san nauyin abin, sashe na 241 na tsarin mulki ya ce wanda ke son ɗaukaka hukuncin Babbar Kotu a kan kuɗin ɗawainiya kaɗai, sai ya fara neman izinin kotu tukuna. Tun daga sama ke nan an ƙuntata ƙofar da gangan, don kada shari'a ta ƙare a kuma buɗe wata a kan kuɗin shari'ar.

Yanzu ɗauki biro mu yi lissafi irin na mata. Kuɗin shigar da ƙara. Kuɗin kwafin shari'a, wanda sai an biya a rubuta shi tun daga zaman farko har na tara. Lauya. Adaidaita daga gida zuwa cikin gari, ke da Baba ko yayanki, zuwa da dawowa, ba sau ɗaya ba ba sau biyar ba. Ranakun da kekenki zai kwana a rufe, masu ɗinki su kai wa wata. Ki haɗa ki gani ko bai kamo N70,000 ba, ko ma ya wuce. Sannan in aka sake kayar da ke, ana iya ƙara miki wani kuɗin ɗawainiyar a kan na farko. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba.

Ban ce ki naɗe hannu ba. Ki zauna da Baba ku amsa waɗannan tambayoyi tsakaninku da Allah:

Kafin a yanke hukunci, alƙali ya tambaye ku ko kuna da sauran magana ko wata hujja? Wannan shi ake kira i'izari, kuma kotunan sama sun sha rushe hukunci ɗungurungum saboda an tsallake shi.

An ba ku damar kawo dattawan da za su shaida cewa shi ya ja ƙafa?

Kun taɓa ƙin amsa sammaci ko ƙin zuwa zama? In ba ku taɓa ba, to ga inda maganar Tuhfa za ta yi muku amfani.

An fayyace muku yadda aka tara N70,000, ko kuwa faɗa kawai ya yi aka rubuta? An ji ta bakinku a kai?

Sannan ki lura, N380,000 ya nema, ba duka aka ba shi ba. Wanda bai ci dukkan da'awarsa ba, akwai abin cewa in aka ɗora muku dukkan ɗawainiyarsa.

Shawarata ita ce, a cikin satin nan ku je wajen magatakardan kotu ku nemi kwafin hukuncin, ku karɓi rasit na duk abin da kuka biya. Ku kai wa lauya ya duba. In babu hali, akwai Hukumar Ba Da Tallafin Shari'a ta Tarayya da aka kafa tun 1976 saboda marasa ƙarfi, tana da ofis a Kano, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata. In lauya ya ga kuskure a gindin hukuncin, to a ɗaukaka shi gaba ɗaya, domin in gindi ya faɗi kuɗin ɗawainiya ma yakan bi shi. In kuwa ya ce gindin lafiya lau yake, ki haƙura da kotu ki koma ga sulhu. Manyan da suka zo gaisuwa suna nan da ransu, akwai mai unguwa, akwai limami, akwai Hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003 wadda ke zaman sasanta irin wannan. Mai haƙƙi yana iya yafewa, yana iya ragewa, yana iya yarda a biya kaɗan-kaɗan. Mutumin da ya san abin da ya karɓa a zaure, da wuya ya iya haɗa ido da dattawa a kan N70,000. Duk abin da aka cimma a rubuta, a sa hannu, a kai wa kotu ta sani.

Wani abu kuma, kafin ki miƙa wayar nan ki bincika ta tsaf. Ko akwai saƙon da ya taɓa yi miki godiya a kan kuɗin, ko muryarsa yana cewa filinmu? Ki adana a wani wurin. Ki kuma tambayi ƙanwarki abin da ta ji ranar da ya kai ku ganin fili. Malamanmu sun ce in mai da'awa ya samu shaidar da bai san da ita ba sai bayan an yi rantsuwa, ana iya sauraronsa. Ki nuna wa lauya, shi zai gaya miki ko ta kai.

KO A INGILA HAKA NE

Kada wata ta ce ai don a nan ne. A Ingila, inda mace da namiji kan zauna gida ɗaya ba aure, doka ba ta ba su haƙƙin ma'aurata ba in sun rabu. Akwai wata shari'a da ta yi suna, ta Jones da Kernott. Sun sayi gida tare a 1985, namijin ya fita a 1993 ya bar ta da biyan bashin gidan da riƙon yara, daga baya ya dawo neman rabi. Sai da suka taka kotu huɗu, Kotun Ƙolinsu ta raba gardama a 2011, ta ba matar kashi 90 cikin 100. Ita fa da sunanta a takardar gidan, amma dubi wahalar da ta sha. Ina ga wadda ba ta da suna ba ta da shaida?

GARE KU SAURAN ƘANNENA

Saurayi, komai daɗin bakinsa, ba mijinki ba ne sai an shafa fatiha. Ko an kai gaisuwa, ko an sa rana, a idon shari'a shi da baƙo ɗaya suke a kan dukiyarki. Ba gadonsa za ki ci ba, ba ki da kaso a gonarsa, ba ki da ɗaki a filinsa. Ko bayan auren ma, Musulunci ya ware wa mace dukiyarta daban, balle kafinsa.

In har za ki taimaka masa, taimako abu ne mai kyau, amma Umma ta sani, Baba ko yayanki ya sani. A ba shi a gaban mutum biyu. A faɗa a fili, rance ne ko haɗin jari ko kyauta, domin kowanne da hukuncinsa. In ta banki za ki tura, ki rubuta dalili a jiki ki ajiye shaidar. In fili za a saya da kuɗinki a ciki, a sa sunanki a takarda tun ranar ciniki a gaban mai unguwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Na san wata za ta ce, "Haba Anti, ai sai ya ce ban yarda da shi ba." To ki tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin. Wanda ya yi fushi don an ce a rubuta, ki gode wa Allah da ya nuna miki shi da wuri.

Haka kuma ku rage kwaɗayin karɓa. Yau ki ce waya, gobe ki ce anko, jibi ki ce kati, kina murna kin samu mai sakin hannu, ba ki san akwai littafi a aljihunsa ba. Duk kaya mai nauyi da aka kawo kafin ɗaurin aure, a nuna wa iyaye, a rubuta, in so samu ne a ajiye shi yadda yake har a ga abin da Allah zai yi. Ranar da aka ce a mayar, sai a ɗauko akwati a miƙa, ba sai an sayar da akuyar Inna ba.

Ke kuma ƙanwata ta Kumbotso, ki share hawayenki ki koma kan kekenki. Hannun da ya tara N250,000 zai tara wata da yardar Allah. Ki rubuto mini abin da lauya ya ce da yadda kuka ƙare da dattawa, masu karatu za su so su ji.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu koma kan maganar kwalliya in Allah ya kai mu. Masu aiko da wasiƙa a riƙa rubutu da kyau, a kuma faɗi in ana so a sakaya suna.

Taku har kullum,
Anti.